Fulogi Takwas, Gashin Baki Rabi

An zalunce ni a garin nan na Gadarif, kuma tun da ba mai tsaya mini, ni zan tsaya wa kaina. Duk inda aka zauna shan shayi aka rasa abin faɗi, sai wani ya ce, "Kun tuna ranar da Mudi ya canza fulogi?" Sai a fashe da dariya har da masu buga cinya. Waɗanda ko wurin ba su je ba, su suka fi kowa iya labarin. To ga shi yau daga bakin mai shi. Ku karanta ku yi hukunci, amma ku ji tsoron Allah.

Ni ne Mudi, wanda ake kira Bashmuhandis, wato babban injiniya. Gaskiya ne ni na fara kiran kaina haka, amma ba wanda ya hana, kuma shiru ma amsa ce. A shekarun da nake magana ina da mota boksi, irin mai buɗaɗɗen bayan nan, shuɗiya, sunanta ma ke nan, Shuɗiya. Ina kuma da gashin baki. In na murɗe shi da mai, na zuba farar jallabiya, na naɗa rawani, har dillalan kasuwar hatsi kan tashi su ba ni kujera, suna zaton daga Hartum aka aiko ni.

Abin da ba nawa ba shi ne gonar. Gonar riɗi ce a hanyar Basunda, gadon matata Sakinatu daga mahaifinta, kuma a shekarar riɗin ya yi kyau irin wanda ake kai baƙo ya gani. Wanda ya san riɗi ya san halinsa, ba ya jiran kowa. Da ganye ya yi rawaya, 'yan kwanaki gare ka ka yanke ka ɗaure. Ka yi nawa, kwanso ya buɗe baki ya zubar maka da shekara guda a ƙasa. A irin wannan mako mai yanka ya fi ango daraja. Kowa farautar ma'aikata yake, shi kuwa ma'aikaci motar da ta fara tashi ita yake hawa.

Sakinatu ta yi ta zirga-zirga har ta samo mutum goma sha biyu, shugabansu wani dogo mai suna Haladu, wanda magana ke yi wa tsada. Ni aikina ɗaya ne tak: in kai su gona.

Sai dai Shuɗiya ta kwana bakwai tana tari. Na kai ta wurin Usta Wada, makanikin bakin kasuwa, usta kuwa gwanin sana'a ake ce wa a nan. Ya kasa kunne ya ce fulogi ne, a canza duka huɗun. Da ya tsaya nan da ba a yi labari ba. Sai ya dubi 'yan zaman rumfarsa, ya kashe musu ido, ya ce, "Bashmuhandis, ɗan buɗe mana murfin injin."

Na zagaya motar sau biyu. Ba wai ban san wurin ba ne, ƙugiyar ce ke da ɓuya. Suka kwashe da dariya.

"Kawo ta gobe da sassafe," in ji Wada yana share hawaye. "Kafin ka shanye shayi na gama."

"Aikin da ake gamawa kafin a shanye shayi," na ce masa, "ai ba sai an kawo wa usta ba. A ƙofar gidana zan yi shi, da hannun hagu."

Na shiga kanti na sayi fulogi huɗu sababbi, na ari sifana, na kuma ja mai kantin gefe ya nuna mini ƙugiyar murfin. Neman ilimi ba abin kunya ba ne.

Washegari rana na fitowa ma'aikatan suka iso, kowa da laujensa da ƙunshinsa, suka zauna gindin darbejiyar ƙofar gida. Haladu ya gaishe ni, sannan ya ce, "Ya Hajj, maganarmu ɗaya ce. Lorin Mato zai tashi zuwa Fashaga bayan sallar azahar, kuma sau biyu yana aiko mana. In motarka ta tashi kafin nan, mu naka ne. In ba ta tashi ba, kowa da bakunan da yake ciyarwa."

Mato babban manomi ne a unguwarmu, irin mutanen da ke yi maka murmushi suna auna gonarka da ido.

"Azahar?" na ce. "Ya zol, bawan Allah, azahar a gona za ta same ku, kun ɗaure dami ɗari."

Sakinatu ta leƙo daga zaure, ta kira ni da sunan 'yarmu. "Abu Zainaba, don Allah tuƙa ta haka nan da tarinta. Ko ka kai wa Wada. Riɗin nan ba ya jiran gwaninta."

"Ummu Zainaba, je ki ɗora mana gahawa. Wannan aikin maza ne, cikin mazan ma na masu karatu."

Na naɗe hannun jallabiya. Murfin ya buɗe a taɓawar farko, na ɗan tsaya don kowa ya gani. A ciki akwai wani baƙin abu mai kama da hantsar saniya, wayoyi na fitowa daga cikinsa, huɗu daga ciki kowacce ta je ta zauna kan fulogi ɗaya. Na taɓa ganin Wada yana wannan aiki. Ɗaya-ɗaya yake cirewa yana mayarwa, kamar mai tsintar tsakuwa a wake. Tun a lokacin na gane dabarar makanikai ce, don a ga sun daɗe. Ni kuwa na haɗa huɗun a hannu ɗaya na fizge, kamar mai tuge gyaɗa. Suka fito gaba da baya, na watsa su kan gadon igiyar da ke ƙofar gida.

"Ma sha Allah," in ji wani cikin ma'aikatan.

Na kwance fulogin. Uku sun bi ni da ladabi, na huɗu sai da ya ci fatar yatsuna biyu, amma ban yi ƙara ba, tari na yi. Duk huɗun baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Na jawo tiren gahawa da aka ajiye a bakin zaure, na jera tsofaffin a hagu, sababbin a dama. Wannan shi ake kira tsari.

A unguwarmu buɗe murfin mota kamar buga gangar suna ne. Kafin in ɗaga kai an taru. Jatau tela ya bar kekensa ya zo da abin awo a wuya. Atika maƙwabciyarmu ta taka turmi ta ɗora haɓa kan zana. Mai wucewa ya tsaya, wanda ya tsaya ya zauna. Ana haka hantsi ya yi, aka fito da faɗur, wato abincin hantsi, wake da man riɗi da kisra, fanken dawa mai faɗi, kuma kun san ba a aiki a Gadarif alhali tire na ƙasa. Na wanke hannu, na ce wa kowa itfaddal, wato bisimilla, muka zauna. Na ɗan yi musu bayanin yadda injin ke numfashi. Bayanin ya ɗan yi tsawo, don jahilcin wurin yana da yawa.

Abin da ban sani ba shi ne Goggo ta fito neman tirenta. Goggo Maiturare ƙanwar mahaifina ce, a gidanmu take zaune, turaren wuta take haɗawa tana sayarwa, kuma tun da Allah ya yi ta ba ta iya ganin datti ta wuce. Na gama suɗe hannu na dawo, sai ga ta da kwanon sha.

"Ungo ƙarafunanka," ta ce. "Kan tiren gahawata ka ga damar zuba su? Huɗu sun yi baƙi kamar zuciyar azzalumi. Na sa toka da lemun tsami da yashi. Sauran ma na ɗan goge su, kar su ji haushi. Ba sai ka gode ba."

Na leƙa kwanon. Fulogi takwas, suna ƙyalli kamar haƙoran amarya.

"Goggo, wanne ne sabo, wanne ne tsoho?"

"Yanzu ai duk sababbi ne, ɗan nan."

Mutum ashirin na kallona. Ƙaramin mutum da ya rikice. Ni kuwa na ɗauki ɗaya, na ƙwanƙwasa shi da farce, na kai kunne, na lumshe ido.

"Me kake yi?" in ji Jatau.

"Sabon fulogi yana da murya. Wannan sabo ne. Wannan..." na saurara, na girgiza kai cikin tausayi, "wannan ya ga duniya."

Jatau ya karɓa ya kai kunnensa. "Ni ban ji komai ba."

"Kunnen tela? Ai keke ya daɗe da kashe shi."

Na zaɓi huɗu masu daɗin murya na ɗaure. Sannan na ɗebo wayoyin daga kan gado, na koma wurin hantsar saniyar nan. Ramuka huɗu a zagaye, ba rubutu, ba alama, ba wanda ya ce ni na wane ne. Na tsaya ina murza gashin baki, yadda manyan likitoci ke yi.

"Doguwa ta nesa ce, gajeruwa ta kusa," in ji Jatau. "Kamar hannun riga."

"Abin da nake shirin faɗi ke nan."

Haladu ya taso daga gindin bishiya, ya leƙa. "Ya Hajj, na taɓa jin wani direba yana cewa suna da tsarinsu. Wai ba a jere suke bi ba, ana tsallake wani a dawo."

"Direba ya faɗi," na ce. "Haladu, komai na duniya da dama ake farawa, a bi a jere, babba kafin ƙarami. Ko ruwa za a ba mutane haka ake yi. Injin zai fi mutane sanin ladabi ne?"

Na fara da dama, na bi su ɗaya, biyu, uku, huɗu. Na goge hannu, na shiga, na yi bisimilla da ƙarfi, na murɗa makulli.

Kurrr. Kurrr. Kurrr.

TAU!

Ko igwar da ake bugawa ta shan ruwa a watan azumi ba ta kai wannan ba. Daidai lokacin mai ruwa na wucewa da keken jakinsa. Jakin ya miƙe da ƙafa biyu, ya zabura, toshiyar gangar ruwan ta fita, ruwa ya bi layi, keken ya kwashi zanar Atika tun daga tushe. Atika ta sauko daga kan turmi ba da niyyarta ba. Ma'aikata biyu na same su ƙarƙashin gadon igiya, ɗaya yana kalmar shahada.

"Mudi!" Atika ta miƙe da ciyawa a ka. "Allah ya isa tsakanina da kai! Gidana ka buɗe wa duniya!"

"Hajja Atika, iska za ki samu. Zanar nan ai dama ta tsufa."

"Kai ma ka tsufa, wa ya ture ka?"

Na juya ga jama'a na ce kada kowa ya damu, gyaran murya ne, duk injin da aka sa wa sabon abu sai ya yi. Na sauya waya biyu, na sake murɗawa. Wannan karon ta gaba ta harba, har hayaƙi ya fito ta ƙarƙashin murfi. Na sake sauyawa. Ta sake harbawa. Kajin unguwa suka bar unguwa.

Sai ga lorin Mato, yana tafe a hankali kamar mai neman gidan da ya ɓace masa. Ya leƙo ta taga.

"Salamu alaikum, Bashmuhandis! Biki ake yi ba a gaya mana ba? Tun daga kasuwa nake jin harbi."

"Gwaji muke yi, ya Mato. Wuce, kar ilimi ya fantsamar maka."

"Allah ya ba da sa'a. Haladu, ina bakin kasuwa fa. Akwai wuri, har rumfa na sa a baya."

Haladu ƙasa ya duba, inda inuwar darbejiya ta tattare ta dawo gindinta. Ni ma na duba.

Na sake leƙa injin, sai Allah ya buɗe mini ido. A tsakiyar hantsar nan akwai wata waya, ta biyar, wadda ban taɓa ba tun safe. Ba ta zuwa kan kowane fulogi, ta lallaɓa ta tafi wani gefe can.

"Jama'a, ku zo ku ga ikon Allah," na ce. "Fulogi nawa ne?"

"Huɗu."

"Waya nawa?"

Jatau ya nuna da yatsa. "Biyar."

"To ta biyar ɗin ta wa ce? Wannan ita ce munafukar. Irin abin da makanikai ke sa wa mota ke nan, ta riƙa ciwo ana kai musu."

Na tsige ta na sa a aljihu. Na shiga na murɗa makulli. Kurrr, kurrr, kurrr. Ba harbi, ba hayaƙi.

"Kun ji?" na ce. "Harbin ya daina."

"Tashin ma ya daina," in ji Jatau.

Akwai mutanen da ko ka raba musu kogi biyu sai sun ce ƙafarsu ta yi laka.

Na tuna na sha ganin direbobi, in mota ta ƙi tashi, sukan cire wani faifan ƙarfe a saman injin su ɗiga mata fetur a maƙogwaro. Su ɗan finjali suke zubawa. Ni ba marowaci ba ne, kofin shayi na cika mata, har ya malala gefe. Na sunkuya na kai fuska don in ga ko ta haɗiye.

Ban ji zuwan Goggo ba. Muryarta kawai na ji a kafaɗata.

"Baki ne, ɗan nan. Tun safe idon mutane ke kan motar nan, ba wanda ya yi wa Annabi salati. Matsa in turara ta."

Na ɗago ido na ga kaskon turare, garwashi jajir, ta miƙo shi ƙarƙashin murfi tana hurawa. Na buɗe baki zan ce Goggo.

Fuu!

Abin da ya biyo baya gutsi-gutsi nake tunawa. Na tuna haske. Na tuna ƙauri irin na ranar babbar salla in ana babbakar kai. Na tuna Haladu da mutanensa suna ɗibar ƙasa da hannu bibbiyu suna watsa wa injin, da Sakinatu ta fito a guje da kwanon wanke-wanke ta juye mini shi a ka, har da ɓawon albasa. Wutar ta mutu. Kowa ya zuba mini ido, ba mai ƙiftawa.

Na kai hannu hagu, gashin baki na nan. Na kai hannu dama, sai fata, sumul, har gira.

"Goggo," in ji Atika daga inda zanarta take a da, "turara masa ɗaya gefen ma su daidaita."

"Ku yi ta dariya," in ji Goggo tana kakkaɓe zane. "Kun dai ga abin da ya fita. Da yana ciki har yanzu."

Sakinatu ba ta yi dariya ba. Ta matso kusa, ta yi magana ƙasa-ƙasa, ni kaɗai na ji.

"Abu Zainaba, gonar nan ita kaɗai Baba ya bar mini. Jiya na aika an duba, kwanson ƙasa ya fara tsagewa. In mutanen nan suka tafi, ba wasu a garin nan sai bayan mako."

Ta ja mayafinta ta bi layi ta gangara. Ban tambaye ta inda za ta ba, na sani.

Nan ne na yi tunanin da har yau nake cewa na mai hankali ne, kuma ba wanda ya taɓa yaba mini. Layinmu gangare ne har bakin kasuwa. Na ce a raina, in mota ta ɗauki gudu, ta wuce kasuwa, ta wuce lorin Mato, ta fita bayan gari, to ko ta tsaya a can ta tsaya. Ma'aikata sun yi nisa, azahar ta wuce, lori ya tafi, sai in aika wa Wada a asirce. Ba wanda ya yi asara sai Mato.

Na rufe murfi, na ajiye kwanon sauran fulogin a kujerar gefe, na gyara jiƙaƙƙen rawanina.

"Halas, an gama," na ce. "Sabon fulogi sai da turi, kamar jakin da aka sayo yau. Ku tura, in ta ɗauka ku haye."

Suka dubi juna. Haladu ya ɗaga kafaɗa. Suka zuba laujuna a baya, suka sa hannu. Shuɗiya ta motsa, ta bi lakar mai ruwa, ta kama gangare. Suka yi ta ɗarewa ɗaya bayan ɗaya. Na gwada sa mata giya ko Allah zai sa, ta yi wata irin shaƙuwa ta nemi tsayawa, na yi maza na fitar. To, mota na tafiya, amma shiru kamar makara. Mutum goma sha biyu a baya, kowa da kunne biyu.

Sai na sunkuyar da kai, na haɗa leɓe, na fara.

"Burrrrrrr."

Ku faɗi gaskiya, wa zai yi tunanin wannan cikin gaggawa? In za mu sha kwana in ƙara murya, in mun miƙe in sauya giya da maƙogwaro. Ina danna oda, ina ɗaga wa mutane hannu ta gefen da gashin baki yake. Jatau na biye da mu a guje, abin awonsa na tashi a iska. Wata tsohuwa ma ta yi mana guɗa.

Abin da ban lissafa ba, kuma wannan laifin wanda ya tsara garin ne, gangaren ba ya wuce kasuwa. A bakin kasuwa yake ƙarewa. Shuɗiya ta fara rage gudu. Na ƙara murya. Ta ƙara ragewa. Na jijjiga jiki gaba kamar mai zaburar doki. Ta lallaɓa, ta lallaɓa, ta zo daidai ƙofar rumfar Usta Wada, hanci da hanci da lorin Mato, ta tsaya cak.

Ni ban lura da wuri ba. Idona na rufe, ina tsakiyar giya ta uku.

"Burrrrrrr..."

Da na buɗe ido, kasuwa ta yi tsit. Masu shayi, masu alwala, 'yan dako da buhu a ka, Mato a kan matakin lorinsa, Wada da tsumma a hannu, Sakinatu a gefensa. Haladu ya zuro dogon wuyansa daga baya har tagata.

"Ya Hajj," ya ce, "kashe injin ka huta."

Ban taɓa sanin kasuwa guda na iya dariya lokaci ɗaya ba. Wani ɗan dako sai da ya sauke buhunsa. Mato ya zauna a kan mataki yana riƙe da ciki.

Wada ya tako a hankali, ya leƙa fuskata ta dama, ya zagayo ya leƙa ta hagu.

"Bashmuhandis, wa ya yi maka aski?"

"Yayin Hartum ne. Sai baɗi zai iso muku."

"Ma sha Allah. Me ya kawo ka?"

"Wucewa nake, na ce in tsaya mu gaisa."

"To mun gaisa. Kunna ka wuce."

"Ba na son in tayar wa masu alwala hankali."

"Abu Zainaba," in ji Sakinatu, "buɗe masa murfin."

Na buɗe, kuma ina so a rubuta cewa a taɓawar farko na buɗe. Wada ya leƙa. Ya sa hannu ya ɗebo ƙasa, ya bar ta tana zuba ta tsakanin yatsunsa.

"Gero za ka shuka a nan?"

Ya kwance fulogin da na zaɓa da kunnena, ya duba bakin kowanne. "Tsoho. Tsoho. Tsoho. Wannan sabo ne, ta yaya ya shigo?" Ya bi wayoyin da yatsa yana salati. Sannan ya tsaya. "Ina wayar tsakiya?"

"Wace waya?"

"Tana aljihunsa," in ji Jatau, wanda ya iso yana haki. "Ya ce munafuka ce, kai ka sa ta."

Allah ya kiyashe ku da maƙwabci mai gaskiya. Na zaro ta na miƙa. Wada ya ɗaga ta sama don na baya su gani.

"Jama'a, duk wutar motar nan ta wannan take bi. Bashmuhandis ya yanke wa mutum wuya, yana tambayar me ya hana shi waƙa."

Ana cikin dariyar ladan ya kira salla.

Sakinatu ta tambayi Wada ko zai gama kafin a idar. Ya girgiza kai. Ya ce fulogi da waya aikin shayi ɗaya ne, amma ƙasar da ta shiga maƙogwaron injin sai an kwance an wanke, sai dai la'asar. Muka yi salla. Na daɗe a sujada, don a nan ne kawai ba mai ganin fuskata. Da muka fito lorin Mato na ruri, na gaske, ba da baki ba. Mutum shida suka sauke laujunansu daga bayan Shuɗiya, suka ce wa Sakinatu ta yafe su, suka haye. Ta ce musu Allah ya kiyaye hanya. Haladu da biyar suka tsaya.

"Don darajar Hajja," in ji Haladu. Bai dube ni ba, ko don kar ya yi dariya ne.

Mato ya ɗaga mini hannu da lorin ya juya. "Sai mun dawo, Bashmuhandis! A riƙa shan zuma, saboda murya!"

Sakinatu ta shiga rumfar maƙera. Ta fito da sabon lauje, ta kama hannuna, wanda bai taɓa riƙe abin da ya fi carbi nauyi ba, ta danƙa mini a gaban kowa.

"Mutum shida ka sallama," ta ce. "Na san ba za ka kai shida ba. Amma fara."

Aikin kwana biyar sai da muka yi tara. Tafin hannuna ya yi ƙuraje, ƙurajen suka fashe, suka haifi wasu. Haladu ya ce bai taɓa ganin mai yankan da ke yi wa kowane kara bayani kafin ya yanke shi ba. Muka tsira da kashi biyu cikin uku. Na ukun, can gefen gabas, kafin mu isa ya buɗe baki ya zube, ƙasa ta yi fari kamar an shanya gari. Kurciyoyi suka zo daga ko'ina, har da waɗanda nake zaton daga Habasha suka tsallako.

To a nan ne nake cewa an zalunce ni. Ku nuna mini mutum ɗaya a Gadarif, ko cikin manyan attajirai, da ya taɓa ciyar da tsuntsayen Allah kashi ɗaya cikin uku na gonar riɗi, a shekara ɗaya, ba tare da ya nemi a san shi ba. Amma har yau ko mutum ɗaya bai ce mini Allah ya karɓa ba.

Ranar ƙarshe na sami Sakinatu tsaye a gefen gabas tana kallon ƙasa. Na ce ta kwantar da hankalinta, ladan namu ne mu biyu, nata ma ya fi yawa tun da gonarta ce. Ta dube ni. Ta dubi kurciyoyin, waɗanda ƙiba ta sa da ƙyar suke ɗaga fiffike.

"To kamo mana ladan guda biyu, Abu Zainaba," ta ce, "a yi miya."

Na bi su har rana ta yi ja. Ko ɗaya ban kama ba, amma wannan laifin jallabiya ne.